Zanen da Mai Shi Ba Ya Sayarwa

Ina gaida mutanen Tanut da na Belbeji, da na Gangara, Olelewa, Falanko da Tarka. Gaisuwa ta musamman kuma ga mutanen Tenhiya can arewa, waɗanda na san wasunsu yanzu haka suna bakin rijiya, rediyo na rataye a jikin jigo, ana jan wasaki ana saurare. Allah ya ba da ruwa mai albarka, ya raya dabbobi.

Sharhinmu na yau a kan masu zane ne, irin waɗanda ba sana'arsu ba ce. Ba wanda ya koya musu, ba wanda ya sa su, ba kuma wanda zai biya su. Mutum ne da abin yinsa, kiwo ko faci ko sayar da shayi ko gadi, amma da ya sami sarari sai ka ga ya jawo guntun kwali da bik ya duƙufa.

Na san wani zai yi dariya ya ce, a nan ƙasarmu ta Damargu? Ai wannan aikin ƴan birni ne, mu nan takardar kirki ma sai an yi saƙo Damagaram. To ɗan'uwa, ɗauko kayen ɗanka ka buɗe daga baya, shafukan ƙarshe da malami ba ya dubawa. Za ka tarar da raƙumi da sirdinsa, da motar da aka yi wa lodi har sama mutane na zaune a bisa, da tankar mai, wadda yaranmu suka ƙware da zana ta tun da aka buɗe matatar SORAZ a ƙasar Olelewa a 2011, tankoki suka cika hanya. Dubi allon mai aski a tasha. Dubi bayan manyan motocin da ke bin hanyar Agadas, da dabino da zaki da tsuntsu a jikinsu. Leƙa ɗakin amarya a ƙauye. Masu zane suna nan cikinmu birjik, ba mu dai tsaya mun kula da su ba ne.

Da yawansu ko kwalin ma ba su da shi. A Tenhiya da sauran ƙasar kiwo, inda gida ke tashi ya bi ciyawa, babu bangon da za a yi wa ado, sai yashi. Ku tsaya wata rana ku kalli yaron makiyayi yana jiran a zo kan garkensu a rijiya. Zai share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ko ƙayar aduwa. Daga ƙaho yake farawa, domin shi da ƙaho yake gane saniya tun daga nesa. Sai tozo, sai gadon baya da ja ɗaya ba ɗaga hannu, sai ƙafafu. Daga ƙarshe ya sa yankan kunne da lambar wuta a cinya, shaidar gidansu. Abokinsa na tsaye a kansa, kafin ya gama zai ce, ai wannan jar nan ce ta kawunka, mai ƙaho ɗaya a karkace. Ba a jima ba garke ya taso, kofato ya bi ta kai, yaron ko waiwaye ba ya yi.

Wanda ya yi karatun zane a makaranta zai ce ƙafafun sun yi tsawo, kan ya yi ƙanƙanta. Da gaskiyarsa. Amma shi in ya zana saniya, saniya ce kawai, ta kowa da kowa. Yaron nan guda ɗaya ya zana, wadda ake kira da suna ta ɗago kai. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a auna aikin irin waɗannan mutane da ma'aunin masu sana'a. Abin da suke nema daban ne.

Akwai tambayar da nake yi wa duk wanda na tarar yana irin wannan zane a takarda. In na ce wanne ya fi kyau, wanda mutane suka fi yabawa zai nuna mini. Don haka nakan ce, a cikin waɗannan duka, wanne ne ba za ka sayar ba ko nawa aka taya? Da wuya hannunsa ya je kan mai kyan. Ƙasan tarin yake zuwa, ya zaro wani tsoho da ya sha hannu, gefensa ya nannaɗe, tawadar ta koɗe.

Akwai wani dattijo Bafillace da na sani a Damagaram, mutumin arewacin Tanut ne, gadi yake yi a ƙofar wani shago. In dare ya yi, kasuwa ta watse, sai ya zauna ƙarƙashin fitilar shagon da kwalayen shayi da na sukari da aka zubar, ya farke su ya juya bayan, ya yi ta zane da bik shuɗi da ja. Ba ya zana komai sai shanu. Wasu sun yi kyau ƙwarai, har masu wucewa kan miƙa masa dala ashirin ko hamsin su kai wa yara. Da na yi masa tambayar tawa, sai ya sa hannu a aljihun rigarsa ta ciki, ya fiddo wani a ninke cikin leda. Jar saniya ce mai farin goshi. Bik ɗin ja ya ƙare masa a tsakiyar cikinta, ya ƙarasa da shuɗi. Wajen kyau ba ta kama ƙafar sauran ba.

Na ce, "Baba, wannan fa, in na ba ka jika biyar?"

Ya ce, "Ɗana, wannan na riga na sayar da ita sau ɗaya. Ba na ƙarawa."

Daga tsatson karsanar da mahaifinsa ya ba shi ran suna ta fito, ita ce ta ƙarshe da ta rage masa. A 1984, da ciyawa ta ƙare, ya kora ta kasuwa tana tangaɗi, mahauci ya saye ta a kan kuɗin da bai sayi hatsin mako biyu ba.

Duk wanda ya haura shekara hamsin a Damargu ya san abin da dattijon nan ke faɗi. Farin 1973 da 1974 ya karya garke, kafin a gama farfaɗowa na 1984 ya zo, shekarar da mutane suka laƙaba wa El Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Mutanen da suka saba ƙirga dukiyarsu garke-garke suka koma gadi a Damagaram da Kano da Kaduna da Legas. A 2010 aka sake ganin gawarwakin dabbobi a bakin hanya da gindin itatuwa. Waɗannan shekaru duk suna cikin rahotanni da alƙaluma, kashi kaza cikin ɗari na dabbobi sun mutu, mutum kaza sun yi ƙaura. Alƙaluman na da amfaninsu, da su ake neman agaji. Sai dai ba rahoton da ya ce an yi wata ja mai farin goshi da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai uwargida. Wannan sai a aljihun mai gadi.

An yi irinsa a Amurka, a jihar Alabama. Wani baƙar fata ne mai suna Bill Traylor, an haife shi cikin bauta wajen 1853, ya ƙarar da ƙarfinsa a gona. Da tsufa ya cim masa sai ya koma birnin Montgomery, ba gida ba aiki, yana kwana a bayan shagon mutane. A 1939, yana da shekara sama da 80, ya fara zane a bakin titi da fensir a kan kwalayen da aka yar. Alfadarai ya riƙa zanawa, da karnuka da shanu da mutanen da ya sani a gona. Cikin shekara uku zuwa huɗu ya yi zane sama da 1,000. Wani saurayi mai zane, Charles Shannon, ya tsaya ya duba, ya riƙa kawo masa fenti yana adana abin da ya yi. Traylor ya mutu a 1949 bai ci moriyar abin ba. A 2018 gidan tarihin Smithsonian da ke Washington ya cika ɗakuna da kwalayensa. Da saurayin nan wucewa ya yi kamar kowa, da tuni shara ta kwashe su.

To yanzu ga salula a hannun kowa, ko a ruga ana ɗaukar hoto. Me ya rage wa mai bik da kwali? Salula abin da ke gabanta take ɗauka. Abin da ya wuce kafin a sayo ta, ba ta da hanyar kai wa gare shi. Ba za ta ɗauko maka saniyar 1984 ba, ko gawon ƙofar gidanku da aka sare, ko ayarin Bilma yadda kakanka ya gan shi yana sauke kantu da dabino ya ɗauki gero. Mai zane kuma yana iya haɗa abin da zamani bai haɗa ba, ya zaunar da mahaifinsa da ya rasu a inuwa ɗaya da jikan da bai gani ba. Sannan kowa ya san ƙarshen hotunan salula. Ta faɗa rijiya, ko kati ya lalace, ko a sayar da ita ranar babu, hotunan su tafi gaba ɗaya.

Wannan ɗabi'a ta girmi duk wani gari da muka sani a ƙasar nan. Arewa da Agadas, ta wajen hanyar Arlit, akwai wani dutse a wurin da ake kira Dabus. A bisansa an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban tsawonsa ya haura mita 5, an fitar da zanen jikinsa tabo bayan tabo. Masana da dama sun ƙiyasta shekarun aikin da 6,000 ko fiye, zamanin da kayan aiki na dutse ne. Kewaye da su akwai wasu zane-zanen sama da 800, shanu da jiminu da sauran namun daji. Daga bakin kowane raƙumin dawan an ja wani layi ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum, kuma har yau ana muhawara a kansa, wasu su ce igiya ce, wasu su ce alama ce ta wata dangantaka tsakanin mutumin da dabbar. Ni abin da ya tsaya mini a rai wahalar ce. Mutum ya hau dutse ya yi ta ƙwanƙwasa kwana da kwanaki, ba kasuwa, ba mai saye. Yau wurin hamada ne, raƙumin dawa ya bar shi tun tuni. A Nijar kaf guda 49 suka rage a 1996, a wajen Kure kusa da Yamai, kafin a tashi tsaye a kare su, kuma sai a 2018 aka ɗauko takwas aka mai da su gandun dajin Gadabeji, yamma da Belbeji. Duk tsawon wannan lokaci dutsen Dabus na riƙe da shaidar cewa dabbar nan ta taɓa kiwo can arewa.

Mu dawo gida. Me muke da shi na kamannin ƙasashen nan sama da shekara 170 da suka wuce? A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri na Kel Ewey, shi da abokan tafiyarsa biyu, James Richardson da Adolf Overweg. A Tagelel, nan cikin Damargu, Richardson ya rabu da su ya nufi Damagaram, Barth kuma ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Shi ma ba gwanin zane ba ne, amma yana tafe da littafinsa yana zana duwatsu da garuruwa da bukkoki. Da ya koma Turai, wani mai sana'ar, Martin Bernatz, wanda bai bi hanyar ba, ya gyara zane-zanen aka buga su cikin littattafan tafiyar a 1857 da 1858. Mun gode masa, ba don shi ba da abubuwa da yawa sun ɓace. Amma idon baƙo ne mai wucewa, sannan hannun wani baƙon ya bi ta kai. Barth ya ga gonaki, ya gane Damargu ce ke ciyar da Abzin da hatsi. Rijiyar da mutum ke mafarkinta in ya yi nisa da gida kuwa, baƙo ba shi da yadda zai san ta, sai ɗan ƙasa.

Mata sun riga maza nisa a wannan fage, sai dai nasu ana lissafa shi cikin aikin gida. A ƙauyuka, in biki ya matso, ƙannen uwa da ƙawaye ne ke shiga ɗakin amarya da farar ƙasa a kwano, da jar ƙasa, da bula, da baƙin tukunya. Da tsumma ake aikin, wani lokaci da yatsa. A shafe bango da fari, a ja ɗamara ja daga ƙasa zuwa daidai gwiwa, a bi samanta da ƴan kusurwoyi da ɗigo-ɗigo, a bar gurbin da jere zai zauna. In ka tambayi tsohuwar da ke jan ragamar aikin me ya sa ta yi wannan ƙirar, sai ta ce, haka innata ta yi mini a nawa ɗakin. Damina biyu uku hayaƙi ya rufe shi, amma yarinyar da ta riƙe kwanon tana kallo ta riga ta ɗauka, ita za ta yi wa wata. Haka Bafillatana da ƙoranta. Tana da na tatsa da na kai nono kasuwa, waɗannan in sun fashe a ɗinke ko a sake. Tana kuma da waɗanda aka yi wa zane, na gado, da ba a zuba komai a ciki, sai ranar taro a kwance su a jera. Je ka taya ɗaya ka sha amsa. Matan Abzinawa su ma da aikin fatarsu, jaka da matashi, ja da kore da ɗorawa, kowace ƙira da wadda aka gaje ta daga hannunta.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don na san tana ran masu sauraro da yawa, wato hukuncin zana abu mai rai. Hadisai sun zo da gargaɗi mai tsanani a kan masu yin siffofi, ba abin wasa ba ne. Malamai sun yi bayani, sun kuma saɓa a kan iyakar abin. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, sanannen zance shi ne an bambanta mutum-mutumi mai inuwa, cikakkiyar halitta, wanda aka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda aka sassauta a kansa, ko da yake barinsa ya fi. Wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka biyun. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Abin da na lura da shi dai, waɗanda suka ɗauki shawarar ɗan Abbas ba su rasa abin zanawa ba. Wani rijiyar garinsu yake zanawa, da jigo da kwamin ban ruwa da aduwar da ke gefe, ba mutum ba dabba, amma duk ɗan garin da ya gani zai faɗi sunanta. Wani hasumiyar masallacin Agadas da sandunanta, don a gindinta ya yi almajirci. A ƙauyukan kudancin Masar kuwa Ka'aba da jirgi ake zanawa a bangon gidan wanda ya sauke farali.

Mu kuma tuna, zanen da ya fi kowane daraja a idon Bahaushe daga tsangaya ya fito, allon zayyana na ranar sauka. Gardi ne ko alaramma zai zauna da alƙalamin kara, da tawada mai ƙaro, da ja da ɗorawa da kore, ya kewaye ayoyin da ƙira mai sarƙa, ido ne ma'auninsa. Allon itace ne na kuɗi kaɗan, amma da wuya ka ji wanda ya kai na saukarsa kasuwa.

Daga cikin irin waɗannan mutane ne wasu suka fito har aka san su a waje. Rissa Ixa, Ba'abzine daga Inates a yammacin Nijar, ya shafe shekaru yana zana zaman Abzinawa a daji, tanti da raƙuma da kayan mata, don yana ganin abin na shuɗewa. A wajen Zariya, a shekarun 1970, an yi wani Musa Yola da ke zane da fenti a bangon gidaje, har wani malamin jami'ar Ahmadu Bello, David Heathcote, ya yi rubutu a kansa. Tun kafin shi maginan Zariya, da na Birni da Zango a Damagaram, suna fitar da dagi da sauran ƙira a fuskar gida. A Zariya har keke da agogo sun shiga, don mai gida na so a san abin da ya mallaka ko abin da yake buri.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ba ma kyauta musu. Yaro in an kama shi yana zane a kaye, bulala ce, wai yana ɓarnar takarda. In ya girma da abin a hannunsa, sau biyu ake tunawa da shi. Lokacin zaɓe a ba shi fenti ya rubuta sunan jam'iyya a bango, sai kuma ranar da wani furoje ya zo yana son allon da ke nuna yadda ake wanke hannu da sabulu. A gaya masa abin da zai zana, a tsaya a kansa, a sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Ban ce kada ya karɓa ba, abinci ne. Amma ba mai ce masa, kai kuma me kake zanawa in ba kowa a kanka?

Turawan ma sun yi wannan halin. Henri Rousseau ma'aikacin karɓar haraji ne a ƙofofin birnin Paris, bai yi makarantar zane ba, sai da ya kai wajen shekara 40 ya kama abin gadan-gadan, masu sana'ar na yi masa dariya. A 1897 ya zana wata matafiyiya tana barci a hamada zaki na sansanar ta, shi da bai taɓa barin Faransa ba balle ya ga hamada. Ya rubuta wa magajin garinsu, Laval, yana neman garin ya saya a ajiye. Ba a saya ba. Yau zanen yana New York, mutumin Laval in yana son ganinsa sai ya yanki tikitin jirgi.

Ba gidan tarihi irin na Bubu Hama da ke Yamai nake nema wa Tanut ko Belbeji ba. Bango ɗaya ya isa, a ma'aikatar magajin gari ko a wani aji na lakwal. Ranar 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba, da dama ake tara jama'a, a ce duk mai zane ya kawo guda ɗaya, wanda ba ya sayarwa, ya tsaya kusa da shi ya ba da labarinsa, da yamma ya naɗe abinsa ya koma da shi gida. Kada dai a sa gasa. Da zarar an ce akwai na ɗaya da na biyu da kyautar buhun shinkafa, kowa mai kyan zai kawo, a cika bango da tutoci da fuskokin manya, wanda muke nema ya yi zamansa a aljihu. A Tenhiya, inda mutane ke warwatse, ranar kasuwa ko lokacin rigakafin dabbobi ya fi dacewa, tunda makiyaya na haɗuwa. A nan ne ma salula za ta yi ranarta, don malamin lakwal ɗaya zai iya ɗaukar hoton zanen yashi kafin garke ya taka, ya rubuta sunan yaron da na rijiyar.

Ku kuma masu zanen, ga ƴar shawara. Gara da ɗigar ruwa da rana su ke cin takarda a ƙasar nan. Wanda kuke ji da shi kada ku manna shi a bango inda rana ke bugu, jan bik ba ya jure mata. Ku sa shi a leda, ku shimfiɗa a ƙasan adaka tare da busasshen ganyen dogon yaro. In da gawayi kuka yi, ku jiƙa ƙaro ya yi ruwa-ruwa ku yayyafa masa sama-sama, zai kama shi kada ya goge. Wanda ba shi da burushi, asawaki in an tauna bakinsa ya yi laushi yana aiki, ragowar fentin ƙofa ma ba a raina ta. Sannan ku juya bayan kwalin ku rubuta shekara da wuri da abin da ke jiki, da boko ko da ajami ko da tifinag, duk wanda hannu ya saba da shi. Wanda bai iya ba ya kira ɗansa, yana faɗi yaro na rubutawa. A sa sunan saniyar, da na rijiyar, da na wanda ya haƙa ta in an sani.